Jan ƙwaron karammiski da ke fitowa bayan ruwa: jinin wa yake sha?

Tambaya: Na karanta cewa jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski, wanda ake gani yana yawo a kan rairayi bayan an yi ruwan farko, yana cikin halittun da ke maƙale wa wasu suna shan jininsu. Ni kuwa na sha ɗora shi a tafin hannu, bai taɓa cizona ba. To jikin wa yake maƙalewa? Kuma ina yake shiga sauran shekara?

Amsa: Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, abin da ka gani da idonka ma gaskiya ne. Wanda ka ɗora a hannu babba ne, kuma babban ba ya maƙale wa kowa, farauta yake yi. Ɗansa ne ci-ma-zaune. Shi kuwa ɗan bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan, har ya zama mutum yana iya ganinsa sau ɗari a jikin fara bai taɓa kawo wa ransa cewa jini ɗaya suke da wannan jan karammiskin ba. Wannan bambanci tsakanin ɗa da uwa shi ne ginshiƙin rayuwar halittar gaba ɗaya, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Amma bari mu fara gyara wurin zamansa tukuna. Muna ce masa ƙwaro, kuma a maganar yau da kullum babu laifi. A wajen masu nazarin halittu dai ba ya cikin sahun fara, ƙuda ko tururuwa. Ka ƙirga ƙafafunsa, takwas za ka samu, ba shida ba. Ba shi da fuka-fukai, ba shi da 'yan ƙahonnin nan biyu da ƙwari ke shinshina da su. 'Yan'uwansa su ne gizo-gizo da kunama, na kusa kuma kaska da ɗan mitsitsin abin nan da ke haddasa ƙazuwa. Iyalinsa ana kiransu Trombidiidae, suna da nau'o'i 'yan ɗaruruwa a duniya, a cikinsu kuma zuriyar da ta fi kowa girman jiki ita ce Dinothrombium. Ita ce ake gani a busassun ƙasashe masu rairayi na Afirka, da Indiya, da hamadar kudu maso yammacin Amurka. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Oudemans, shi ya raɗa wa zuriyar wannan suna a 1910. Farkon kalmar daga Girkanci yake, ma'anarsa abu mai girman ban tsoro, kuma shi ne dai farkon sunan dabbobin nan na zamanin da, dinoso. Sunan ya yi wa abin da bai kai ƙwayar wake ba yawa, sai dai a tuna cewa galibin danginsa ba sa kai milimita ɗaya, shi kuwa yana kai milimita 12, wani lokaci ya ɗan haura. A cikin makafi mai ido ɗaya sarki ne. Nau'in da aka fi sani a Afirka da Asiya shi ne Dinothrombium tinctorium, wanda Linnaeus ya bayyana tun 1767 da sunan Acarus tinctorius, wato "na rini", saboda tsananin jansa.

Laushin da ka ji a hannu gashi ne, dubbai a cunkushe, kuma idan aka sa guda a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu sai a ga yana da rassa kamar gashin tsuntsu. Ƙafafun gaba biyu sun fi sauran tsawo, da su yake laluben hanya, shi ya sa za ka ga yana ɗaga su yana taɓa ƙasa kamar makaho da sanda. Yana da idanu, amma ba su da wani ƙarfi.

Yanzu ga yadda rayuwar take tafiya.

Macen tana zuba ƙwai a cikin ƙasa, a dunƙule wuri guda. A iyalin nan akwai nau'in da ƙwansa bai wuce 60 ba, amma an ƙirga wa Dinothrombium tinctorium har 100,000 daga mace ɗaya. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ɗumi da damshin ƙasa, ƙwan yana fashewa. Abin da ke ciki ba ya fitowa nan take. Akwai wani mataki da yake kwance a cikin ɓawon, ba ci ba motsi, jikinsa na ƙarasa haɗuwa. Daga nan ne ɗan yake fitowa.

Ɗan nan bai kai rabin milimita ba. Ƙafafunsa shida ne, ba takwas ba, gashinsa 'yan tsiraru ne, launinsa ja ko ruwan lemo, kuma yana da saurin gudu fiye da yadda za ka zata ga abu mai wannan ƙanƙanta. Da guzurin da ya fito da shi daga ƙwai kaɗai yake rayuwa. Ba ya iya farauta, ba ya cin ganye. Aikinsa ɗaya tak: ya sami mai masauki kafin guzurin ya ƙare ko rana ta busar da shi. Sai ya dinga zagaye a kan ƙasa ko ya hau ɗan haki ya jira, duk ƙwaron da ya gifta ya yi ƙoƙarin ɗafe masa. A zuriyar Dinothrombium, mai masaukin da aka fi tabbatarwa shi ne fara. An kuma samu 'ya'yan wasu nau'o'in a jikin gizo-gizo da danginsa.

Idan ya hau, ba ko'ina yake kamawa ba. Jikin fara sulke ne, bakin ɗan kuwa ƙarami ne, don haka yakan bi jikin yana neman inda fata ke da taushi: gindin fiffike, jijiyoyin fiffiken ciki, mahaɗar ƙafa da ƙirji, wuya, tsakanin gaɓoɓin ciki. Waɗannan wurare suna da wani amfani na biyu, domin fara tana share jikinta da ƙafafu, kuma wanda ya lafe a ƙarƙashin fiffike ya tsira daga sharewa.

Yadda yake sha ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba irin na sauro ba ne. Sauro yana da dogon tsinke da yake sokawa. Wannan ɗan ba shi da tsinke. Yana da wasu 'yan wuƙaƙe biyu a baki da yake ɗan tsaga fata da su, sai ya zuba miyau. Wani ɓangare na miyan yana daskarewa ya manne bakinsa da fatar kamar an sa danƙo. Sauran yana ratsawa ciki, yana taurarewa ta gefe yana barin rami a tsakiya, har ya zama wani ɗan bututu a cikin naman farar. A wannan iyali bututun yakan yi rassa kamar saiwa. Ta cikinsa yake tura miyau mai narkar da nama, ta cikinsa kuma yake zuƙo abin da ya narke tare da ruwan jikin. Wato bututun shan nasa ba a jikinsa yake ba, a jikin mai masaukin yake gina shi, kuma idan ya tashi tafiya a can yake barinsa.

A nan sai in ɗan yi gyara a kan kalmar "jini". Abin da ke gudana a jikin fara ba jan jini ba ne irin namu. Ruwa ne fatsi-fatsi ko mai ɗan kore, ba ya bin jijiyoyi a rufe, yana wanke kayan ciki ne kai tsaye. Saboda haka jan da kake gani a jikin ɗan da ya ƙoshi ba launin abin da ya sha ba ne, launin jikinsa ne na gado. Mutane da yawa suna ganin jajayen ɗigo a fiffiken fara su ɗauka jini ne ya cika su kamar kaska, wasu kuma su ce ƙwan wani abu ne. Ba ko ɗaya.

Yana nan maƙale mako ɗaya zuwa biyu. A wannan ɗan lokaci yake kumbura ya ninka girmansa sau da yawa, ya zama kamar ɗan jan buhu, ƙafafunsa sun koma 'yan tsinkaye a gefe. Sai ya saki ya faɗo ƙasa. Ka lura da abin da ya samu ban da abinci: sufuri. Uwarsa ba ta da fiffike, kuma a 'yan sa'o'in da take yi a sarari cikin shekara ba za ta yi wata tafiyar kirki ba. Fara kuwa tana tashi. Inda zuriyar nan ta bazu, galibi a kan bayan mai masauki irin fara ta je. Hatsarin da ke ciki shi ne idan ya kama farar da ba ta gama girma ba, domin ƙaramar fara tana yin saɓa, kuma wanda ya manne a tsohuwar fata kafin ya ƙoshi yana iya tafiya tare da ita.

To mu koma kan ƙwai 100,000. Lissafin mai sauƙi ne. Idan yawan halittar a wani fili ba ya ƙaruwa ba ya raguwa daga shekara zuwa shekara, to a cikin dukkan ƙwan da mace ta zuba a rayuwarta, biyu ne kawai suke kai wa ga haihuwa, ɗaya a madadinta ɗaya a madadin namijin. Sauran duk asara ne, kuma mafi yawan asarar a wannan mataki na neman fara take faruwa. Abin da bai kai rabin milimita ba, a kan rairayi mai zafi, yana jiran wata fara ta sauka kusa da shi kan mai uwa da wabi. Yawan ƙwan ba alamar ƙarfi ba ne, alamar yadda cacar take da wuyar ci ne.

Yaya farar take ƙarewa? Galibi ba ta mutuwa. Ɗa guda ko biyu a jikin babbar fara bai fi ƙarfinta ba. Idan sun yi yawa ne suke rage mata ƙarfi, su hana fiffike naɗewa daidai, su rage yawan ƙwan da za ta yi. Girman mai masauki shi ne ma'auni. A wata zuriyar ta wannan iyali, Allothrombium, 'ya'yan suna kama darɓa ne, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, kuma da yake ɗan da darɓar ba su da wani bambancin girma sosai, biyu ko uku suna iya kashe ta cikin 'yan kwanaki. A ɗaya gefen kuma, an bi diddigin malam-buɗe-littafi masu ɗauke da 'ya'yan Trombidium breei a Ingila, ba a ga wata illa a tsawon ransu ko tashinsu ba.

Sai dai in ja kunnenka: ba duk jan ɗigon da ke jikin fara ne ɗan Dinothrombium ba. Akwai zuriyar Eutrombidium, wadda ta ƙware a kan fara fiye da kowa, akwai kuma Leptus da Charletonia daga wani iyalin daban. Da ido kawai ba a rarrabe su, sai an ɗora a gilashi an duba tsarin gashi da faratan ƙafa. Eutrombidium tana da wani hali da ya sa na daɗe ina sha'awarta. Ɗanta yana shan ruwan jikin fara, manyanta kuma suna tona ƙasa su shanye ƙwan fara. Wato sama da ƙasa take cin farar. Wani masani mai suna Severin ya rubuta cikakken bayani a kanta a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka a 1944, lokacin da fara ke addabar manoman yankin. An lissafa cewa mace tana buƙatar ƙwan fara bakwai zuwa takwas kafin ta iya haihuwa, sannan ta zuba nata har 4,000.

Bayan ɗan ya faɗo, sai ya nutse cikin ƙasa ya yi lamo. A cikin tsohuwar fatarsa jikin ke sake ƙira, ƙafafu biyu na ƙarshe su fito, gashin karammiski ya tsiro. Abin da ke fitowa daga nan ƙaramin samfurin babban ne, mai ƙafa takwas, mafarauci, sai dai bai balaga ba. Ya ci, ya girma, ya sake kwanciya a cikin fatarsa karo na biyu, sannan ya fito baligi. Idan ka jera su matakai bakwai ne: ƙwai, kwanciya, ɗa mai maƙalewa, kwanciya, matashi mafarauci, kwanciya, babba. Uku ne kawai suke ci suke motsi, kuma kowane ɗaya a cikinsu sai da kwanciya ta gabace shi. Wannan tsari na barci da farkawa shi ne tambarin babban rukunin da ake kira Parasitengona, wanda ya haɗa har da jajayen 'yan'uwansu na cikin tafki da 'ya'yansu ke maƙale wa sauro da mazari.

Sashe na biyu na tambayarka, ina yake shiga sauran shekara, an amsa shi da kyau a hamadar Kalifoniya. Masana biyu, Lloyd Tevis da Irwin Newell, sun bi rayuwar Dinothrombium pandorae a can, suka wallafa sakamakon a 1962. Abin da suka gani shi ne manyan suna zaune ne a cikin ramukan da suka haƙa a rairayi, kowa da nasa, suna hawa suna sauka a ciki gwargwadon zafi da sanyin ƙasa. Ba sa fitowa don yayyafi. Sai an yi ruwan da ƙasa ta sha, wajen milimita 8 ko fiye, sannan a safiyar farko da rana ta fito su ɓullo gaba ɗaya. Kafin rana ta take sun sake haƙa rami sun ɓace, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ɗaya daga cikinsu yana iya zama fitowarsa ke nan ta shekara. A Sudan ma John Cloudsley-Thompson, wanda ya koyar a Jami'ar Khartoum, ya nazarci Dinothrombium tinctorium a wannan shekarar ta 1962, nan ma fitowar tana bin ruwa ne.

Me ya sa sai wannan safiya? Saboda shinge, wato gara mai fiffike. Ruwan da ya jiƙa ƙasa shi ne yake sa gara ta saki masu fiffikenta su fita neman aure. Su tashi, su faɗo, su karya fiffike, su shiga yawo a ƙasa suna neman inda za su haƙa sabon gida. Jikinsu taushi, cike da kitsen da aka tanadar musu don kafa sabuwar zuriya, ba su da makami. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Jan karammiskin, wanda ba shi da gudu ba shi da dafin kirki, a wannan ranar kaɗai yake da abincin da zai iya kamawa kuma ya ishe shi. Ya riƙe shingen da 'yan hannuwan bakinsa, ya huda, ya zuƙe. Cin safiya ɗaya yana iya riƙe shi watanni, domin a cikin rami ba ya kashe ƙarfi.

A waɗannan sa'o'in ne kuma ake yin aure, kuma ba irin wanda aka saba ba ne. Namiji ba ya hawa mace. A wannan iyali namijin yana ajiye maniyyinsa ne a ɗan ƙunshi a kan wani siririn tsinke da ya kafa a ƙasa ko a jikin haki. Sai ya zagaya macen, suna taɓa juna da ƙafafun gaba, har ya jawo ta ta bi ta kan ƙunshin ta ɗauka da kanta. Idan wani namijin ya riga ta isa wurin, yakan tattake abin ya kafa nasa. Ci, aure, haƙa sabon rami, duk kafin azahar. Ni a ganina babu wani abu a rayuwar halittar nan da ya kai wannan ban mamaki, har da batun shan jinin: a tara buƙatun shekara guda a biya su a safiya ɗaya.

Akwai abin da ya kamata ya ba ka mamaki a wannan hoton. Abu ja wur, mai taushi, mai tafiyar hawainiya, a fili tsirara, a ranar da tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi duk suka fito cin shinge. Me ya hana a cinye shi? Ɗanɗano. Jikinsa na ɗauke da sinadarai masu muni a baki, kuma jan launin sanarwa ce ga duk wanda ya taɓa gwadawa. Justin Schmidt, masanin ƙwari na Arizona da ya yi suna wajen bari ƙwari su harbe shi don ya auna zafin harbinsu, ya gwada wannan tare da Li Schmidt, suka wallafa a 2022. Sun miƙa manyan jajayen ga mafarauta iri-iri, kusan duka suka ƙi, ko su ɗauka su tofar. Shi da kansa ya sa a baki, ya ce ɗaci da bauri da yaji ne a haɗe. Fatar kuma, duk da taushinta, tana da yauƙin da ke sa wanda aka tauna aka tofar sau da yawa ya tashi ya ci gaba da tafiyarsa.

Jan launin daga sinadaran karotinoyid yake, dangin waɗanda ke ba karas launinsa. A ƙa'ida dabbobi ba sa ƙera waɗannan da kansu, daga tsirrai suke samu ta hanyar abinci. Amma da masu bincike na Jami'ar Liverpool da abokan aikinsu suka karanta dukkan ƙwayoyin gadon Dinothrombium tinctorium, suka fitar da sakamakon a 2018, sai suka tarar yana da ƙwayoyin gado na ƙera karotinoyid, kuma asalinsu ba na dabba ba ne, daga dangin funfuna suka shigo jikin kakanninsa tun zamani mai nisa. Sun kuma ga wasu na ƙera sinadarai masu ƙamshi da ɗaci irin na tsirrai, su ma aro ne daga ƙananan halittun cikin ƙasa.

Game da mutum: wannan zuriya ba ta cizon mutum, ba ta kama dabbobin gida, ba a san ta da yaɗa wata cuta ba, ba ta kuma cin shuka. Ka ɗauka ka duba ka mayar, illa dai ka wanke hannu kafin ka taɓa ido ko baki, saboda sinadaran da na ambata. Inda ruɗani ke shigowa shi ne wani iyali na kusa mai suna Trombiculidae. Sunan ya yi kama, tsarin rayuwar iri ɗaya ne, amma 'ya'yansu ɓeraye da tsuntsaye da ƙadangaru suke kamawa, har da mutum idan ya ratsa ciyawa. Su ne ke haddasa ƙaiƙayi mai tsanani a ƙugu da bayan gwiwa, kuma a Asiya wasu nau'o'in zuriyar Leptotrombidium suna yaɗa ƙwayar cutar Orientia tsutsugamushi, mai kawo zazzaɓin da kan yi kisa idan ba a yi magani ba. Manyansu ƙanana ne, a cikin ƙasa suke, da wuya ka gan su. Don haka wanda kake gani ba ya cutarwa, mai cutarwar kuma ba ka ganinsa. A Indiya ana tara manyan jajayen a busar a sayar don maganin gargajiya, ana danganta su da maganin shanyewar jiki da ƙarin kuzari. Ba a tabbatar da hakan ta gwajin asibiti ba, kuma ba zan ba kowa shawarar haɗiye abin da ƙadangare ya tofar ba.

Akan tambaye ni, tunda ɗan yana cin fara uwar tana cin gara, me zai hana a yi kiwonsu a saki a gonaki? Tunanin yana da kyau a takarda. A aikace halittar da ke ɗaukar shekara ko fiye kafin ta zagayo, wadda ke buƙatar abinci iri biyu a matakai biyu, wadda ba ta fitowa sai ruwa ya kai wani ma'auni, ba ta kiwuwa da yawa a ɗaki. Kuma shingen da take ci ɗigo ne a cikin teku, domin gidan gara ɗaya yana sakin dubbai, sarauniyar da ke cikin suri kuwa ba ta san ana yi ba. Inda aka ga amfani na zahiri shi ne Allothrombium a gonakin auduga na ƙasar Sin, inda 'ya'yan ke rage darɓa a farkon shuka kafin sauran maƙiyanta su yawaita. Ko a can ba kiwo ake yi ba, waɗanda ke cikin ƙasar ne ake ƙoƙarin kada a hallaka su da feshi da zurfin huɗa.

Bambancin ɗa da uwa bai tsaya ga rikita mai kallo ba, ya rikita masana su kansu. Wanda ya tsinci ɗa a jikin fara ya ba shi suna. Wani a wata ƙasa ya tsinci babba a rairayi ya ba shi wani sunan. Shekaru su shuɗe ba wanda ya san abu ɗaya ne. Har yau nau'o'i da yawa a wannan rukuni da mataki ɗaya kawai aka san su, ko ɗa ko babba, kuma jerin sunayen da Joanna Mąkol da Andreas Wohltmann suka tattara a 2012 ya nuna yawan giɓin. Shi kansa Dinothrombium pandorae, da Newell da Tevis suka fara bayyana shi a 1960, sabuwar zuriya suka buɗe masa mai suna Angelothrombium, daga baya aka mayar da shi gidansu.

Hanyoyin haɗa ɗa da uwa biyu ne. Ta zamani ita ce a kwatanta ƙwayoyin gadonsu. Tsohuwar kuwa ko kai kana iya gwadawa. Ka sami mace mai cikakken ciki bayan ruwa, ka sa ta a kwalba mai rairayi mai ɗan damshi, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba, ka rufe da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, ka ajiye a inuwa. Idan ta riga ta ɗauki ƙunshin namiji za ta zuba ƙwai a cikin rairayin. Bayan makonni za ka ga wani abu kamar garin barkono yana motsi a jikin gilashin. Ka saka fara mai rai a ciki, washegari ka buɗe fiffikenta a hankali ka duba gindinsa da madubin hannu.